Katakon da Kawu Ya Hana a Goge

Kawu ya rasu a shekarar da bama-bamai suka tashi a barikin soja na Ikeja, sati uku bayan Lahadin nan da mutane suka yi ta gudu ba su san inda suka nufa ba. Har ranar jana'izarsa akwai gidaje a Agege da tagoginsu ke toshe da kwali, don gilasan sun zube ba a sa wasu ba. Ba ƙarar ce ta yi ajalinsa ba. Ya daɗe yana fama da kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi. Allah ne Ya ba mu aronsa shekara saba'in da 'yan kai, Ya kuma karɓi abinsa ranar Talata da hantsi. Mu ma muna nan tafe.

Matan Yarabawa masu sarin goro su suka riga kowa cika ƙofar gida. Baba Olobi suke ce masa, wato baba mai goro. Wata tsohuwa daga cikinsu ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu tana ta magana da Yarabanci tana share ido da gefen zane. Aka fassara mini cewa wai ta taɓa zaginsa tas a kasuwa, da ta gama sai ya tambaye ta ko ta karya kumallo. Wani maigadin kamfani daga Ilupeju, mutumin Nijar, ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya ɗauki buta yana zuba wa mutane ruwan alwala har aka ta da salla. Wani alfa, wato malami Bayarabe, dattijo mai farin gemu, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce da Hausarsa mai tsalle, "Malam, sai haƙuri. Babanmu ya tafi." Na kasa kallonsa.

Ni kuwa a sahun baya na tsaya. Ban sa hannu a ɗaukar makararsa ba, ban shiga kabari na karɓe shi ba, alhali ni ne ɗan yayarsa, na kuma yi shekara goma sha ɗaya a rumfarsa ina cin tuwon gidansa. Shekara biyu da 'yan watanni ban taka gidan ba kafin wannan rana. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ina so a san Kawu, kuma ba yadda za a yi in faɗi ko shi wane ne ba tare da na faɗi abin da na yi masa ba.

A Agege aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Yayarsa, wato mahaifiyata, ita aka aurar Arewa tun tana budurwa, a can ta haife ni, a can na yi karatun allo na iya rubutun ajami. Da na tasa ta turo ni wurinsa. Aikina biyu a rumfa: in rubuta wa 'yan ci-rani wasiƙa zuwa gida, in kuma duba goro. Shi goro ba a ɗaure shi a manta. Bayan 'yan makonni sai an kwance huhu, a zaɓe wanda sankara ta kama, a sauya ganyen fita, a sake ɗaurewa. Idon Kawu ya soma rauni tun kafin in zo, saboda haka ni ne mai karanta masa duk takardar da ta shigo.

Yana da wata irin magana da mutane ke yi wa dariya. Ba za ka ji ya ce "wane ya cuce ni" ba. Sai dai ya ce, "Zuciya ta kawo mini ƙarar wane." In aka ce masa goro zai faɗi bana, sai ya ce, "Ni ma tawa ta gaya mini haka da asuba. Bara ma ta faɗa." Na taɓa tambayarsa ko me ya sa yake maganar zuciyarsa kamar wata maƙwabciya. Rumfarmu tana kallon titi, kwandastocin danfo suna rataye a ƙofar mota suna ta kiran Oshodi, Oshodi. Ya nuna su da haɓa.

"Ka ji wancan? Tun da gari ya waye yake kirana."

"Ai ba kai yake kira ba, Kawu."

"Kowa yake kira. Aikinsa ke nan. Ban hana shi ba, ban kuma shiga ba. Ina da goron da zan zaɓa."

A shekarata ta biyu na yi sakaci da wani huhu na marsa, manyan goro masu kyau da aka ware wa wani biki. Na ce sai gobe, na sake cewa sai gobe, ranar da na kwance rabinsa ya tafi. Kawu bai yi mini faɗa ba, wannan kuma shi ya fi ci mini rai. Na zauna a kan buhu na ce, "Ni ba ni da amfani. Gara in koma ƙauye."

Ya ce, "Ɗan Yaya, miƙo mini guntun katakon can." Wani ɓallen akwati ne, bai kai kamu ɗaya ba. "Ba allon karatu ba ne, kada ka ji tsoro. Rubuta abin da ka faɗa yanzu."

Na tsoma alƙalami a tawada na rubuta. Ya sa na kai shi can ƙarshen rumfa na jingine da bango, na dawo na zauna kusa da shi.

"Karanta mini."

"Ni ba ni da amfani."

"Daga ina kake karantawa?"

"Daga nan."

"To mai karantawa ga shi nan kusa da ni, gwiwarsa tana taɓa tawa. Wancan kuwa katako ne da tawada." Ya ɗauki goro ɗaya ya manna mini a ido har na kauce. "Yana da sankara ko ba shi da ita?" Na ce ba na gani. Ya ja hannunsa baya, sai ga ɗan hujin ƙwaron ya fito sarai. Ya jefa shi cikin kwandon rubaɓɓu.

Na ce, "In je in goge?"

"A'a. In ka goge gobe zai dawo, ka ce aikin bai yi ba. Bar shi ya zauna ya kalle mu muna aiki."

Muka zaɓe abin da ya rage har la'asar. Maganar tana nan a raina, ba ta tafi ba, amma hannuna yana aiki. Katakon nan ya zauna a wurin shekara da shekaru. Duk mai shara ya san ba a ɗauke shi.

Ba wai na yarda da shi nan take ba. Ina ji da karatuna a lokacin. Maigadin nan na Ilupeju, wanda ya riƙe buta ranar jana'iza, ni ya fara kawo wa kukansa. Waswasi ya kama shi a alwala. Sai ya wanke hannu, zuciya ta ce bai kai gwiwar hannu ba, ya sake, ya sake, har liman ya sallame yana tsugune a bakin famfo. Na ba shi addu'o'i, na ce duk sa'ad da tunanin ya zo ya kore shi da ƙarfi, kada ya bari ya zauna ko daƙiƙa ɗaya. Bayan wata guda ya dawo fatar hannunsa ta yi fari ta tsattsage. Ya ce, "Malam, da nakan yi bakwai, yanzu ina yin goma sha."

Kawu yana gefe yana tauna daushe. Ya ce, "Ɗan'uwa, in ta ce ba ka wanke ba, me kake ce mata?"

"Ina cewa ƙarya take, Baba. Sai ta ce to in ƙarya ce sake mana mu gani."

"Daina musu da ita, ta fi ka baki. Ka yi alwalarka sau ɗaya yadda aka koya maka. In ta yi magana ka ce mata, na ji. Ka tashi ka ta da kabbara. In tana so ta bi ka sahu, akwai wuri."

Na ce, "Kawu, wannan fa aikin Shaiɗan ne. Tsari ake nema."

"Ya nema mana, wa ya hana shi. Amma in ya nema, abin ya tsaya masa a bakin ƙofa, kada ya bar salla ya fita kokawa da shi. Abin da ake so ya yi ke nan."

Maigadin ya gaya mini daga baya cewa satin farko kamar zai mutu, yana salla zuciya tana ce masa ba shi da tsarki daga kabbara har sallama. Har yau takan ce, in ji shi, sai dai yanzu a sahun gaba take same shi.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka Kawu mutum ne da ba abin da ke damunsa. Kullum bayan la'asar yakan yi shiru na ɗan lokaci yana fuskantar titi, ko ciniki aka zo da shi sai a jira. Sau ɗaya tak ya gaya mini dalili. Babban ɗansa, wanda ban taɓa gani ba, ya rasu a hatsarin motar goro a hanyar Arewa. Yaron bai so tafiyar ba, Kawu ne ya matsa masa.

"Shekara ashirin da wani abu, zuciya ba ta taɓa fashi ba. Daidai wannan lokaci take zuwa ta ce, kai ka kashe shi. Da farko na yi faɗa da ita, na daina cin abinci, na daina fitowa kasuwa, ƙannensa suna kallona. Yanzu in ta zo ina shimfiɗa mata tabarma. Ta faɗi nata, in yi wa yaron addu'a, in tashi."

"Kuma ba ta jin kunya ta daina?"

Ya yi 'yar dariya. "Wa ya ce maka za ta daina?"

Wannan shi ne mutumin da na zauna da shi shekara goma sha ɗaya. Ga kuma abin da na yi da karatun da ya ba ni.

Kawu yana da ɗa sa'ana, taubashina ke nan. Haihuwar Legas, ɗan boko, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa, ajami kuwa ko harafi ɗaya. Tun ranar da na sauka yake kirana bawansa, yadda taubasai suka saba, ni kuma ina ce masa Bayarabe. In na shigo sai ya ce, "Bawa, ina ka tsaya, ko sai na aiko da babur ɗin okada a ɗauko ka?" In ce masa ya je ya koyi tsarki tukuna. Ba mu taɓa ɓatawa ba.

A ƙarshen shekarar da soja suka miƙa mulki na raka kaya Arewa na yi wata biyu. Ina can aka yi tashin hankalin nan tsakanin mutanenmu da 'yan gari a wasu unguwannin Legas. Na dawo na tarar ƙura ta lafa, matar taubashina kuma ta haifi ɗa namiji, na fari. Duk sunan da aka yi a gidan nan tun zuwana ni nake raɗawa. Na wanke babbar rigata, na zo da sassafe na zauna kusa da Kawu. Sai na ga an shigo da alfa Bayarabe, mai farin gemun nan, an zaunar da shi a kan buzun da na saba zama. Taubashina ya raɗa wa alfan sunan a kunne. Ya juyo ya miƙo mini faranti yana murmushi ya ce, "Bawa, yau ka huta. Kai dai raba goro."

Sau dubu ya faɗa mini irin wannan. Ranar kuwa, ina zagayawa da faranti a cikin babbar riga, zuciya ta ce: sun raina karatunka. Kai ɗan ci-rani ne da ake ciyarwa, ba ɗan gida ba. Bawan ma da gaske yake nufi. Ban ji wannan a matsayin magana da ta zo mini ba. Gani na yi haka abin yake, kamar yadda nake ganin farantin da ke hannuna.

Washegari na sami Kawu a rumfa.

"Kawu, an wulaƙanta ni."

"An wulaƙanta ka, ko zuciya ta ce an wulaƙanta ka?"

"Duk ɗaya ne."

"Da ɗaya ne da ban tambaye ka ba. Akwai dalili, ɗan Yaya, amma sirrin wani ne, ba nawa ba ne balle in ba ka. Ka yi haƙuri ka bar ta ta yi maganarta kwana biyu. Ga katakonka can, akwai sauran wuri a ƙasa."

Abin da na mayar masa, da in maimaita shi gara in haɗiye garwashi, amma na ce zan faɗi gaskiya. Na ce, "Wannan wasan yara ne, Kawu. Ni ba maigadi ba ne." Na tattara alƙalumana da kwalbar tawada na fita. Bai kira ni ba. Na ji dai ya ce, "Allah Ya kiyaye hanya."

Na kama ɗaki a Abule Egba, na kafa teburin rubuta wasiƙa kusa da tasha. Wasiƙar farko da na rubuta a kan teburin tawa ce, zuwa ga mahaifiyata. Na ce mata an kore ni. Na ce ɗan Kawu ya fifita bare a kaina a gaban jama'a, ya mai da ni mai raba goro, Kawu kuma yana kallo bai ce uffan ba. Abin da ke ba ni tsoro har yau shi ne, ina rubutawa ban ji ina ƙarya ba. Hannuna bai yi rawa ba. Na yi bisimilla a sama, na yi salati a ƙasa.

Mahaifiyata ta sa limamin ƙauyenmu ya rubuta amsa, direban goro ya kawo rumfa. Mai karanta wa Kawu takarda ba ya nan, ni ne. Sai aka kira wani malami daga rumfar da ke kusa, shi kuma bai duba abin da ke ciki ba, ya buɗe ya kama karantawa da ƙarfi, dillalai da masu saye duk suna zaune. Ta ce ta ba ƙanenta amana ya tozarta. Ta ce ɗansa kuwa, wanda ya raina ɗanta, kada ya sake kiranta Gwaggo. Direban da kansa ya ba ni labari. Na ji daɗi. Wannan ma sai na rubuta shi, na ji daɗi.

Daɗin bai daɗe ba. Da watanni suka tura fushin ya huce, sai wata maganar ta maye gurbinsa: ba ka da idon da za ka kalle su. Ita ma na karɓe ta hannu biyu. Kowace Salla Kawu yana aika wa yayarsa goro, ba ta amsawa. Sau biyu yana aiko mini in zo, ina cewa ina tafe.

Na uku, taubashina ne da kansa ya zo a kan okada, kwana kaɗan bayan tashin bama-baman. Bai sauka ba. Ya ce, "Malam, Baba na nemanka. Jikin ya yi nauyi. Ni da don ta ni ne ba zan zo ba." Malam ya ce mini. Tun da nake da shi bai taɓa kirana haka ba.

Na yi kwanaki ina shiri, sannan na shiga danfo na sauka Agege da rana tsaka. Na taka har inda nake hango kwanon rufin gidan. Sai zuciya ta ce: kana shiga za a yi shiru, kowa ya zuba maka ido, matan gida su taɓa juna. Na tsaya a bakin kwata. A bayana wani kwandasta yana kiran Abule Egba, Abule Egba. Na san abin da Kawu zai ce, har muryarsa ina ji. Na juya na shiga motar. Bayan kwana biyu Kawu ya cika.

Ranar sadakar uku Iya, matar Kawu, ta aiko a kira ni cikin gida. Tana zaune a tabarma cikin takaba, carbi a hannu. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, kaina a ƙasa.

Ta ce, "Ɗago, ba dukanka zan yi ba. Ka ga alfan da ya riƙe hannunka?"

"Na gan shi, Iya."

"Lokacin rikicin nan kana Arewa, matar ɗan'uwanka ta je awo da cikinta wata takwas, hanya ta rufe. Shi ya ja ta cikin gidansa, matarsa ta ɗaura mata zane irin nasu, kwana biyu tana ƙarƙashin gadonsu in an buga ƙofa. Da ya dawo da ita ya roƙe mu da Allah kada a faɗa, don maƙwabtansa ba za su bar shi ba. Ɗan'uwanka ya ce in Allah Ya sauke ta lafiya, ba mai raɗa sunan sai shi. Shi ke nan abin da aka yi maka."

Na gyara durƙuso. Can na ce, "Me ya hana Kawu ya rubuta wa Inna gaskiya?"

"Ɗan'uwanka ya yi ta faɗa a kan haka. Sai Kawunka ya ce masa, ba zan sa uwa ta ji daga bakina cewa ɗanta ya faɗi abin da ba a yi ba. Yaron ba maƙaryaci ba ne, abin da zuciya ta karanta masa ya kwafa. Ranar da ya ja baya ya gani, shi zai rubuta da hannunsa." Ta ja carbi. "Ya jira ka kam. Amma bai tafi da fushinka ba, wannan na rantse maka. Ranar nan ma da ka zo ka tsaya a bakin kwata, an gan ka, an gaya masa. Ya ce, ai ya matso, wancan karon ko motar bai shiga ba."

A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Abin da ke tsakanina da Kawu ya wuce gyara a duniya. Ya tafi yayarsa ba ta amsa gaisuwarsa, ni na jawo, kuma ba wasiƙar da za ta same shi yanzu. Ya Allah, wanda ya yi wa bayinka sauƙi a kan zukatansu, Ka yi masa sauƙi a kabarinsa, Ka haɗa shi da ɗansa a inda ba mai zuwa bayan la'asar. Amma akwai mai rai da nake riƙe da haƙƙinsa.

Ranar bakwai, bayan an shafa fatiha, taubashina ya buɗe rumfa don masu gaisuwa na kasuwa. Na je na tsaya a bakin ƙofa har ya ɗago.

Ya ce, "Gwaggo ta aiko da ta'aziyya. Ta gai da Iya, ta gai da ƙannena, har jaririn da aka yi rigimar a kansa ta sa masa albarka. Ban da ni."

"Na sani. Abin da ya kawo ni ke nan."

"Abu ɗaya nake bin ka, Malam. Hannun da ya rubuta waccan shi zai rubuta wata."

Rumfar cike take, kusan mutanen da suka ji waccan wasiƙar ne. Zuciya ta ce: ka ce masa ka rubuta a gida ka kawo gobe. Za su yi maka dariya, malamin da ya yi wa uwarsa ƙarya, ba mai sake kawo maka wasiƙa. Na duba ƙarshen rumfa. Katakon yana nan jingine, tawadar ta koɗe, ƙura ta hau. Na ɗauko shi na hure, na ciro alƙalamina da tawada daga aljihu, na rubuta a ƙasan tsohon layin, za su yi maka dariya. Na mayar da shi wurinsa, na dawo na zauna a kan buhu na shimfiɗa takarda a gwiwa.

Alfan yana cikin masu gaisuwa. Na tambaye shi ko in ambaci abin da ya yi. Ya ce ya bar waccan unguwar tun bara, in rubuta. Na rubuta wa mahaifiyata cewa ba wanda ya kore ni, ni na tafi. Na ce ƙanenta ya riƙe amana har ya mutu yana rufa mini asiri, ɗansa kuma alkawari ya cika ga mutumin da ya ceci matarsa. Na ce abin da na aiko mata a da, zuciyata ce ta faɗa, ni kuma ban tsaya na dube shi ba. Na roƙe ta ta yafe wa mamaci abin da bai yi ba, ta mayar wa ɗansa sunan Gwaggo, ni kuma ta yi mini hukuncin da ta ga dama.

Na gyara murya zan karanta, taubashina ya ɗaga hannu.

"A'a. Ni ba na gane wannan rubutun naku mai kama da tsutsa. Kana iya karanta mini wani abu ka aika wani. A kira wanda ya karanta waccan."

Ya yi mini zafi, kuma yana da gaskiya. Aka kira malamin rumfar kusa. Ya karanta da ƙarfi yadda ya karanta ta farko, bai tsallake ko kalma ba. Wani dillali ya yi 'yar dariya a wurin da na ce ni na tafi, na ji ta sarai. Wasu suka sunkuyar da kai. Da ya kai ƙarshe taubashina ya karɓi takardar, ya ninke ta da kansa, ya ba direban da zai tashi da yamma, ya ce a hannun Gwaggo, ba a hannun kowa ba.

Ya daɗe yana tsaye ya ba ni baya. Sannan ya ɗauki farin goro ɗaya ya ɓare, ya jefa rabi a baki, ya miƙo mini rabi ba tare da ya kalle ni ba. Ya taɓa wani huhu da ƙafa.

"Wannan tun Baba na kwance ba a duba shi ba. Tashi ka kwance shi, bawa. Ka ci tuwonmu shekara goma sha ɗaya, ka gudu ba sallama."

Zuciya ta ce, ka ji ko, a gaban mutane kuma. Na ce mata na ji. Na naɗe hannun riga na kama igiyar.